Ƙofar da Baban Dogo Ya Ƙera

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar? Ya 'yan makarantar naki masu sa ki ciwon kai? Ki gaida maigidan da kyau.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannun direban mota, ni da ba na riƙe biro sai in zan rubuta awon kafaɗa da ƙugu. Waya ce babu. Dogo ya rotsa tawa da bango, ya bi ta babansa ya tsoma a bokitin ruwa, wai ta cikinsu wasu mutane suke shigowa su yi masa magana. Yanzu ko maƙwabciya za ta leƙo mu, sai ta bar wayarta a gida.

Yaya, abin da na ce miki kwanaki, wai rashin ji ne irin na ɗan shekara goma sha huɗu, ba rashin ji ba ne. Ɗana ba shi da lafiya. Muryoyi yake ji. Ya ce akwai mutane a cikin bango, suna jiran ranar da za su fito su kwashe mu.

Ranar da abin ya fito fili, ina kan keke ina ɗinka rigar wata mata, ya zo ya tsaya a kaina ya ce in daina aika musu saƙo. Na ce wane saƙo? Ya ce ƙarar keken. Dariya na yi, Yaya, don na ɗauka iya shegensa ne na kullum. Ban rufe baki ba ya suri kujerar katakon nan da nake ɗora zare ya sauke mini a fuska. Haƙorina na gaba ya tafi, leɓena ya rabe biyu, jini ya ɓata yadin mutane. Da ya ga jinin sai ya durƙusa yana goge mini baki da rigarsa, yana kuka yana cewa, "Umma, wa ya yi miki haka?" Wannan tambayar ta fi kujerar yi mini ciwo.

Mun kai shi asibiti. Likitar ƙwaƙwalwar wata 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta ce babu magani guda da ke yi wa kowa, sai an yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai ya yi makonni a jiki kafin a san ya karɓe shi ko bai karɓe shi ba. Na ce ashe takalmin gwanjo ne. Ta ce kusan haka, sai dai wannan in ya matse, ba yatsa yake matsewa ba.

Ba ta yi ƙarya ba. Na farkon da ta ba shi, 'yan kwanaki kaɗan wuyansa ya murɗe gefe guda, harshe ya zazzago, idanu suka kafe sama, yawu na zuba. Na ɗauka mutuwa ce ta zo. A kan babur muka kai shi, ni a baya ina tallafe da kansa, sai da aka yi masa allura wuyan ya saki. Yanzu an canja masa na biyu, muna zuba ido.

Abin da ke hana ni sukuni Auta ce. Shekararta shida, me ta sani? Yayanta ne da ke ɗora ta a wuya ya kai ta makaranta, har yanzu duk inda ya sa ƙafa tana biye da shi. Na kulle almakashina da wuƙaƙen kicin a akwati, amma ita ina zan kulle ta?

Don Allah kada Inna ta ji, kin san hawan jininta. Ki sa mu a addu'a. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a ofis, na sake karanta ta a gida. Ina yi miki jaje, ina yi wa Baban Dogo jaje. Allah Ya ba yaron nan lafiya, Ya ba ku juriya. Ƙafa da sauƙi, maigidan yana amsawa.

Ban ji daɗin yadda kika ɓoye mini ba. Da kike goye a bayana kina tsinka mini gashi ba ki ɓoye mini komai ba, sai yanzu da haƙori ya fita. Amma ba lokacin faɗa ba ne, na ajiye shi sai kin warke.

Ki riƙe likitar nan da kyau. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga yarinya mai irin wannan lalurar, an daɗe ana fama kafin a dace, yau tana ɗakin mijinta. Kada ki bar masu ba da shawarar bakin titi su sa ki tsayar da magani, kada kuma ki bar kowa ya ɗaure shi. Mara lafiya ne, ba mai laifi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na yi saurin ba ki amsa. Ki turo mini Auta. Akwai ɗaki a gidana, akwai gurbi a aji ɗaya, ni da kaina zan riƙa tafiya da ita ina dawowa da ita. Ba kyauta na ce ki ba ni ba, aro ne, har ranar da aka dace da maganin. Kujerar da ta fitar miki da haƙori, ki auna ta da kan yarinya 'yar shekara shida. Na san maganar ba daɗi, amma gara ki ji ta daga bakina.

Biyu kika haifa, ƙanwata. Ɗaya yana buƙatar hannuwanki duka biyun, ɗayar kuma tana buƙatar wurin da za ta yi wasa ba tare da ana leƙen fuskar wani ba.

Inna ba za ta ji daga wurina ba. Ina jiran amsarki ta hannun direban nan. Allah Ya sa mu ji alheri.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna nan da rai.

Na ga saƙonki, kuma a'a. Ni na san biyu na haifa, ni na yi naƙudarsu, ba sai an ƙirga mini ba. Yarinyar nan tun tana zanen goyo kike cewa a ba ki ita, yanzu kin samu ƙofa. Allah bai ba ki naki ba, wannan ba laifina ba ne. Ciwo ya riga ya ɗauke mini rabin ɗa, ba zan miƙa 'yar da ta rage da hannuna ba. Kuma kin san me zai faru in Dogo ya waiga babu ita? Cewa zai yi mutanen bango sun fara kwasa.

Bari in ba ki labarin magani na biyu, tun da ke a littafi kika san abin. Ya kwantar da shi, ba na musu. Amma barci yake kamar an jiƙa tsumma, in ya tashi kuma ci, ya cinye nasa ya bi tukunya. Sau biyu ina buɗe masa ƙugun wando, na uku sai da na sa ƙari. Hannunsa na rawa, ko kofi ba ya kai wa baki sai rabi ya zube. Yaron da ke riƙe wa babansa ƙarfe a shagon walda ba ya ko gezau. Rannan ya kalle ni ya ce, "Umma, an kashe mini fitila a cikin kai." Na shiga banɗaki na ci kukana na fito.

Duk da haka na ce na yarda, a bar mini shi a haka. Sai aka auna jininsa aka ce sukari ya hau, dole a sauke shi daga wannan ma. Akwai na uku, mai ƙarfi, wanda sai ana ɗibar jininsa a kai a kai, amma likita ta ce sai an bi a hankali, a rage wancan kaɗan-kaɗan tukuna. To, ana ragewa mutanen bango suna dawowa. Ya fasa gilashin taga da gwiwar hannu. Ya bi mai kawo mana ruwa da bulo har bakin titi. Shekaranjiya babansa ya ce ya zo ya sha rabin ƙwayarsa, ya yi kukan kura ya shaƙe shi a jikin bango, sai da na haɗa da cizo ya saki. Na roƙi a kwantar da shi a asibiti har a gama canjin, aka ce gado babu, mu jira.

Shi ne Baban Dogo ya yi abin da ya iya. Kin san shi, ko ciwon kai ka kai masa ƙara, ƙarfe zai nemo. Ya cire ƙofar ɗakin yaron ya ƙera ta ƙarfe, irin wadda yake yi wa masu manyan shaguna, da 'yar taga daidai shigar kwano. Da ka tura ta ta rufe kanta, ta waje kawai ake buɗewa. Makulli uku ta zo da su. Dogo ya sace ɗaya, da aka gano shi sai babansa ya ɗauko inji ya yanka biyu gunduwa-gunduwa a gabansa, wai don ya fid da rai. Ɗayan yana wuyana a igiya.

Kada ki ce ɗauri ne, ba ɗauri ba ne. In ya natsu a buɗe take, in na ga idonsa ya canja sai in lallaɓa shi ya shiga. Auta kan zauna a bakin tagar tana yi masa waƙar makarantarsu, shi kuma yana gyara mata inda ta kuskure. Kin ga ke nan an samu mafita, yana nan, tana nan, kowa a gaban idona.

Ki bar ɗakin naki ki zuba buhuna. Sai an jima.

Maman Dogo

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, ina gaida maigida. Ni ne mijin ƙanwarki. Ban iya tsara magana ba, ki yi haƙuri da rubutun, hannun ma a kumbure yake.

Abu ya faru ranar Talata. Kowa yana da rai, na fara da wannan don hankalinki ya kwanta.

Da rana tsaka ina shago maƙwabcinmu ya zo a guje ba ko takalmi. Abin da ya faru kafin in iso, a bakin mata na ji. Uwarsu ta buɗe ƙofar za ta ba Dogo abinci da magani, Auta na bayanta riƙe da kofin ruwa. Daidai lokacin wani mai gyara ya hau rufin gidan da ke jikin namu yana buga guduma. Dogo ya ɗaga kai ya ce sun fito. Ya fizge igiyar makullin daga wuyan uwarsa har ta yanke ta, ya hankaɗa ta waje ta faɗi, ya janyo Auta ciki. Ƙofa ta rufe kanta. Makulli yana hannunsa, shi kuma ko a ba shi duniya ba zai miƙo ba.

Na tarar da maza sun fi goma a tsakar gida, mai guduma, mai diga. Na ce su daina wahalar da kansu. Yaya, ƙofar nan ni na yi ta. Falankin ƙarfe mai kauri na sa. Maratayanta ta ciki suke don kada a zare. Firam ɗin na dasa shi a kankare da rodi. Taga na yi mata rodi, silin na yi masa raga don kada ya haura. Duk unguwa an san ba a ɓalle ƙofata, da shi nake cika baki. Ranar na so a ce algus na yi.

Babu wuta. Sai da aka ɗauko janareto a baro, na haɗa injin yankan ƙarfe. Kafin nan uwarsu tana bakin 'yar tagar tana lallashi, muna jin Auta tana cewa, "Yaya, ka buɗe, fitsari nake ji." Yana ce mata ta yi shiru za su ji ta.

Da na kunna inji na ɗora a kan ƙofar, tartsatsin wuta ya riƙa feshi ta ciki. Ban yi tunanin wannan ba. Ni ƙara da tartsatsi su ne aikina kullum, na manta shi abin da yake gani daban. Ya kurma ihu ya ce sun zo da wuta. Ya cusa Auta ƙarƙashin gado. Ita kuma tana jin muryar uwarta sai ta rarrafo za ta zo bakin ƙofa, ya cafko hannunta ya fizge ta baya da ƙarfinsa duka. Duk da ƙarar inji na ji ƙarar ƙashin.

Uwarsu ta riƙe mini riga tana cewa in kashe, in kashe. Na kashe. Muka ji tsit, Auta ba ta ko kuka. Uwar ta zura hannu ta tagar tana laluben 'yarta, Dogo ya sa kwanon abincin ya yi ta sara mata yatsu, ba ta janye ba sai da mata suka ja ta. Na ga in na tsaya ba mafita, in na ci gaba ba mafita. Na sake kunnawa. Faifan yanka biyu na cinye kafin harshen makullin ya rabu.

Ƙofa na buɗewa ya fito mini da kai a ƙirji, muka zube. Ya kafa mini haƙora a kafaɗa har ya cire nama. Daga nan, Yaya, ban san abin da na yi ba. An ce na haye kansa ina duka da hannu, an ce sai da mutum uku suka ɗaga ni. Abin da na tuna shi ne ina dukansa, bakinsa cike da jini, yana ihu yana cewa, "Auta, ki gudu! Na riƙe shi, ki gudu!" Bai san ni ba ne.

An zaro ta daga ƙarƙashin gado a sume, ta jiƙa kayanta. Hannun hagu ya karye wuri biyu, an sa mata filasta. Shi kuma idonsa ɗaya ya rufe, haƙarƙari ɗaya ya tsage. Gadon da aka ce babu, ranar an samu. Likitarsa ta dubi fuskarsa, ta dubi hannuna, ta ce wannan ba ya cikin maganin da ta rubuta. An fara ba shi na ukun.

Ƙanwarki ba ta yi mini magana tun ranar. Da safe tana ɗakin yara a asibiti, da yamma tana ɗakin su Dogo, yatsunta a naɗe, ba ta ci ba ta sha. Na san ta faɗa miki magana mai zafi, ta gaya mini a lokacin tana huci. Ki yafe mata ki rubuto mata. Ni in na buɗe baki ƙarfe take gani.

Na gode. Allah Ya ƙara girma.

Baban Dogo

*

Ƙanwata,

Sallama, da sannu, da sannu kuma. Mijinki ya rubuto mini komai.

Maganar da kika faɗa mini ta shige ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi kuka a kanta, sannan na ajiye ta. Ba ita ce a gabanmu ba.

Ban rubuto don in ce na faɗa miki ba. Ba zan kuma sake roƙonki ba, 'yarki ce, ke za ki yanke. Ɗakin dai ban zuba buhuna ba.

Ki ci abinci. Ki kuma yi wa bawan Allahn nan magana ko da zagi ne, shi ma ɗansa ne. Da ƙafar nan za ta bar ni in hau mota da kin gan ni tun jiya.

Ki shafa mini kan Auta, ki ce wa Dogo babarsa ta nan tana gaishe shi. Allah Ya kawo sauƙi.

Yayarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini.

Ga Auta nan, tare da matar maƙwabcinmu da za ta wuce ta wajenku. Kada filastar ta jiƙe, in za ki yi mata wanka ki ɗaura leda. Na farke hannun hagu na rigunanta don su shiga. In ta ji ƙarar inji ko guduma za ta nemi ƙarƙashin gado, kada ki janyo ta, ki zauna a ƙasa kusa da ita har ta fito.

Ta ɗauka don ta zubar da ruwan maganin yayanta ne aka kore ta. Na ce mata ba haka ba ne, ba ta yarda ba. Ki yi ta faɗa mata.

Dogo ya fara gane mutane. Likita ta ce kada in yi murna tukuna, wannan sai an yi watanni kafin a sani. Jiya na kai masa abinci, ya ci da kansa, hannun bai yi rawa sosai ba. Ya daɗe yana kallon yatsuna, sannan ya ce, "Umma, amma dai na hana su ɗauke ta ko?"

Na ce ka hana.

Jibi za a sallamo shi gida.

Ƙanwarki